LUWANG PRABANG: BIRNIN DA SARAUTA TA BARI, AL'ADA TA RIƘE

Can cikin duwatsun arewacin ƙasar Lawos, a gabashin nahiyar Asiya, inda ƙaramin gulbin Nam Kan yake zuba cikin babban gulbin Mekong, akwai wani tsohon birni mai suna Luwang Prabang. Birnin ba shi da girma, mai tafiya a ƙasa yana iya ratsa tsohuwar unguwarsa cikin sa'a guda. Amma nan ne sarakunan ƙasar suka zauna ɗaruruwan shekaru, kuma har yanzu nan ne cibiyar addinin Buda a Lawos, da wuraren ibada fiye da 30 waɗanda mutanen ƙasar suke kira wat.

Cikin shekara ta 1353 wani ɗan sarki mai suna Fa Ngum, wanda ya girma a fadar sarkin Kamboj, ya komo da mayaƙa ya haɗa ƙasar wuri guda. Ya kafa daular Lan Sang, wato daular giwa miliyan ɗaya, ya mai da wannan gari babban birninsa. Bayan wajen shekara 200 sarki Settatirat ya ga mayaƙan Birmaniya sun matsa masa lamba, sai ya ɗauke fadarsa ya kai ta kudu, birnin Biyantiyan. Duk da haka Luwang Prabang bai rasa darajarsa ba, daga baya ma ya sake zama mazaunin sarki.

Baƙon da ya sauka garin yakan fara ziyararsa da Wat Siyang Tong, wanda Settatirat ya gina wajen shekara ta 1560 a ƙarshen tsirin ƙasar da ke tsakanin gulaben biyu. Rufinsa hawa-hawa ne, yana sunkuyowa har ya kusa taɓa ƙasa. A bangon baya an zana wata babbar itaciya da ƙananan gutsattsarin gilashi masu launi. Cikin farfajiyar akwai ɗakin da aka ajiye keken da ya ɗauki gawar sarki Sisawang Wong, wanda ya rasu a 1959 bayan shekara 55 bisa gadon sarauta. Keken na katako ne da aka shafe da ruwan zinariya, ga kawunan macizai 7 a gabansa.

Tsirar wannan gini ma labari ce. Cikin 1887 wasu mayaƙa daga iyakar Sin da Biyetnam suka faɗa wa birnin, suka washe shi, suka ƙone wuraren ibada da yawa. Ana cewa madugunsu ya taɓa karatu a Wat Siyang Tong yana yaro, shi ya sa ya hana a taɓa shi. A cikin wannan tashin hankali wani Bafaranshe mai suna Auguste Pavie ya tsere da tsohon sarki Un Kam cikin kwale-kwale. Ta wannan ƙofa Faransa ta shigo. A 1893 ƙasar Siyam, wato Tailan ta yanzu, ta sallama mata ƙasashen gabashin Mekong, Lawos kuma ta shiga mulkin mallakar Faransa, kamar yadda Nijar ta shiga ƴan shekaru bayan haka.

Daga nan sai fadar sarki, wadda aka fara ginawa a 1904, tsarinta rabi na Turawa rabi na gargajiya. Bisa ƙofar shiga akwai alamar masarautar, giwa mai kai uku. Mai ziyara yakan tuɓe takalmansa, kuma ba a yarda ya ɗauki hoto a ciki ba. Zai ga gadon sarauta, da takubba, da ɗakunan kwana, da kyautukan da ƙasashen waje suka aiko, har da ɗan gutsuren dutsin wata daga Amurka. Abin da ba zai gani ba shi ne mai gidan. Bayan dogon yaƙi, ƴan kwaminis na Patet Lawo suka karɓi mulki, ranar 2 ga Disamba 1975 aka soke sarauta aka kafa jamhuriya. A 1977 aka kwashi sarki Sawang Wattana da iyalinsa zuwa wani sansani a arewa maso gabashin ƙasar, can ya mutu. Fadar ta zama gidan ajiye kayan tarihi. Duniya rawar ƴammata ce, in ji Hausawa, na gaba ya koma baya.

A cikin harabar fadar ne ake ajiye Pra Bang, mutum-mutumin Buda a tsaye, mai tsawon santimita 83, wanda birnin ya ci sunansa. Mutanen dauri sun ɗauka cewa wanda yake riƙe da shi shi ne mai ƙasa. Saboda haka sau biyu mayaƙan Siyam suna ɗauke shi, sau biyu kuma ana maido shi, na ƙarshe a 1867. Kowace shekara, a tsakiyar watan Afirilu, lokacin bikin sabuwar shekararsu, akan fito da shi zuwa Wat Mai, jama'a su yi ta zuba masa ruwa.

Daura da fadar akwai tudun Pusi. Wanda ya jure hawan matakala 328 zai tarar da wata hasumiya mai ruwan zinariya da aka gina a 1804, ya kuma hangi gari duka da gulabensa. Mai sauran ƙarfi yana iya shiga jirgin ruwa ya yi wajen kilomita 25 sama da gari, zuwa kogunan dutsi na Pak U, inda masu ibada suka tara dubban ƙananan mutum-mutumin Buda.

Amma babban abin kallon birnin ba gini ba ne. Tun da asuba, kafin rana ta fito, ɗaruruwan sufayen addinin Buda sukan fito daga wuraren ibadarsu cikin tufafi ruwan goro, ba takalmi, ba magana, babba a gaba yara a baya, kowa rataye da ƙwaryarsa. Mutanen gari suna zaune bakin hanya da kwandunan dafaffiyar shinkafa mai danƙo, kowane sufi ya zo wucewa a jefa masa loma. Sufi ba ya roƙo, ba ya godiya, domin a wurinsu mai bayarwa shi ne ya ci riba. Dokarsu ta hana su cin abinci bayan tsakar rana. Da yawa cikin yaran ɗiyan talakawan ƙauye ne da suka zo birni neman ilimi, wat ɗin shi ne makarantarsu da makwancinsu. Ashe ke nan lomar shinkafar ita ce igiyar da ta ɗaure gari da wuraren ibadarsa.

A 1995 ƙungiyar UNESCO ta sa Luwang Prabang cikin jerin kayan gadon duniya, jerin da tsohon birnin Agadas ya shiga a 2013. Baƙi suka yi ta kwararowa, musamman bayan buɗe hanyar jirgin ƙasa tsakanin Sin da Biyantiyan a Disamban 2021. Kuɗi ya shigo, an gyara tsofaffin gidaje, matasa sun sami aikin yi. Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Masu gida da yawa sun ba da hayar gidajensu an mai da su masaukin baƙi da gidajen abinci, su kuwa suka koma bayan gari. Masu tashi da asuba su turara shinkafa suka ragu. Wasu baƙi kan tare wa sufaye hanya suna haska musu fitilar ɗaukar hoto, wasu su sayi abinci maras kyau a hannun ƴan talla su zuba musu. Har sai da hukuma ta kafa alluna masu gargaɗi: baƙo ya suturta jikinsa, ya tsaya nesa, ya yi shiru.

Luwang Prabang ya ga gobara, ya ga Turawa, ya ga faɗuwar sarauta, bai gushe ba, domin mutanensa suna cikinsa suna raya abin da suka gada. Doka tana iya kare bango da rufi, ma'aikatan gwamnati suna iya yi musu fenti duk shekara. Amma ran da aka wayi gari babu tsohuwar da za ta zauna bakin hanya da kwandonta, baƙo zai iske gine-gine, ba zai iske birnin ba.