Zaren fatsar da kifi bai cika gani ba, da abin da ke tsinka shi

A shekarar 1971 kamfanin Kureha na ƙasar Japan ya fito da zaren fatsa na fulorokabon mai suna Seaguar. Masu fatsar nishaɗi a tafkunan Amurka sun rungume shi duk da tsadarsa, domin haske yana ratsa shi kusan yadda yake ratsa ruwa, don haka kifi bai cika ganinsa ba. Ya kuma fi nailan nauyi, yana nutsewa da sauri.

Aibinsa shi ne tauri. Da zarar ya murɗe sai ya cukurkuɗe a kan na'urar naɗi, kuma duk inda ya lanƙwashe nan zai tsinke ranar da babban kifi ya kama ƙugiya.

Sau da yawa na'urar ake ɗora wa laifi, alhali irin wadda kwarkwaronta ke juyawa yayin jifa ba ta murɗa zare da kanta. Ɓarnar tana farawa ne tun wajen naɗi, idan aka kwantar da kwarkwaron da aka sayo, zaren yana zamewa ta gefe. Ƙwararru kan zura masa fensir a tsakiya ya riƙa juyawa, su matse zaren da yatsu, kuma ba sa cika na'urar maƙil.

Idan ya riga ya murɗe, sai a cire ƙugiya, a sake shi a bayan kwalekwale mai tafiya har ruwa ya warware shi. Kafin a ɗaure ƙulli kuwa, a jiƙa shi, domin zafin guga yana raunana shi.