Kafin Ka Sayar da Gona Ka Hau Motar Legas

Da zarar kaka ta wuce an kai hatsi rumbu, tashoshin mota a ƙauyukan Jigawa da Katsina da Sakkwato sai su cika da samari, kowa da 'yar jakarsa ta bakko. Wasu Kano suka nufa, wasu Abuja, wasu sai Legas ko Fatakwal, a kan buhunan albasa ko a bayan tirelar shanu. Cirani tsohuwar al'ada ce a ƙasar Hausa, domin daminarmu wata huɗu ce zuwa biyar, kuma manomin da ba shi da fadama hannunsa sake yake daga Nuwamba har Mayu. Kakanninmu sun yi shi: a tafi da rani a rage wa rumbu baki, a dawo da bazara da kuɗin taki da turmin atamfa. Yanzu kuwa da yawa ba da niyyar dawowa suke tafiya ba, har wani ya sayar da gonar gado ya yi guzuri da kuɗin. A nan ne ya kamata mutum ya zauna ya yi lissafi.

Labarin birni galibi daga bakin wanda ya zo hutun Sallah ake jin sa. Ya sha sabuwar shadda, ga babbar waya, ya faɗi abin da yake samu a rana, bai faɗi abin da yake kashewa ba. A ƙauye ba ka biyan haya, tuwo daga rumbu yake fitowa, ruwa a rijiya. A birni har ban-ɗaki da wurin wanka sai ka biya. Mai gida a Legas ko Abuja kuɗin shekara yake karɓa a dunƙule, ga la'adar dillali a kai, shi ya sa ɗan cirani kan kwana a rumfar kasuwa ko a kango, ko su goma a ɗaki ɗaya. Da yawa daga masu neman abinci a Abuja a Mararaba da Masaka na jihar Nasarawa suke kwana, ko Suleja ta jihar Neja, kullum su yi sammako, kuma tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023 kuɗin motar ya ninka. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 bai shafi ɗan dako ko mai ga-ruwa ba. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da shi, ko sisi ba za ta shigo ba.

Sana'ar da ta fi jan samari ita ce acaɓa, don ba ta neman takarda ko doguwar koyo, kuma ita ce ta fi cin gonaki. Mutum ya sayar da gona, ko ya ba da ita jingina, ya sayi babur yana ganin cikin shekara zai fanso. Sai dai babu sana'ar da hukuma ta fi saurin kashewa kamar ta. An hana ta a tsakiyar Abuja a 2006. Kano ta hana ta a Janairun 2013. Legas ta hana ta a ƙananan hukumomi shida daga 1 ga Yunin 2022, ciki har da Ikeja da Surulere da Apapa, a watan Satumba ta ƙara huɗu, kuma baburan da aka kama murƙushe su aka riƙa yi da inji. Wanda ya sa kuɗin gonarsa a babur irin wannan ya tashi ba tsuntsu ba tarko. Shi kuma wanda ya karɓi babur ko Adaidaita Sahu a hannun wani, balas ɗin mai shi yake fara nema kafin na abincinsa, ko an yi ciniki ko ba a yi ba.

Ba cewa ake kowa ya zauna gida ba, ai zomo ba ya kamuwa daga zaune. A Kantin Kwari da Singa da Dawanau, da Mile 12 da Agege can Legas, akwai manyan 'yan kasuwa da suka shigo gari a matsayin yaran shago. In ka bi tarihinsu za ka tarar ko dai sun zo da sana'a a hannu, kamar gini ko walda ko ɗinki ko gyaran waya, ko kuma sun sauka wurin ubangida da ya san iyayensu, ya riƙe su har ya yaye su da jari. Don haka kafin ka tambayi nawa ake samu, tambayi wa zai sauke ka. Mai masauki shi ne zai tsaya maka ranar da aka kama ka a samame, shi ne zai kai ka asibiti. Rikicin kasuwar Shasha a Ibadan cikin Fabrairun 2021 ya raba 'yan Arewa da dama da shagunansu cikin 'yan kwanaki, kuma a irin wannan rana baƙon da ba wanda ya san shi ne ya fi shan wuya.

Ƙauyukan ma ba ɗaya suke ba. Mutumin Kura ko Kadawa da ruwan madatsar Tiga yake bi ta bakin gonarsa, ko na Talata Mafara da ke kusa da madatsar Bakolori, in ya bar noman rani na tumatir da shinkafa ya tafi tura baro, a ganina ya yi asara. Amma wanda 'yan bindiga suka sa wa haraji kafin ya shiga gonarsa a wasu yankunan Zamfara da Katsina, babu mai ganin laifinsa in ya tashi. Ko shi ɗin, a lokacin tsoro gona ba ta daraja, masu kuɗi a arha suke kwashewa, gara ya bar ta da sunansa.

Sai batun iyali, wanda ake yawan mantawa da shi a tasha. Ciyarwa ba ta faɗuwa don miji ya yi nisa, kuma alƙalan kotunan shari'a sun saba ganin matan da aka bari ba abinci ba aike sun zo neman a raba aure.

Ɗan'uwa, in zuciyarka ta nace sai birni, je ka gwada rani ɗaya. Bar wa iyali hatsin da zai kai su, damƙa gonarka aro a hannun ɗan'uwa a gaban mai unguwa da shaidu, ka ƙulle kuɗin motar dawowa daban kada ka taɓa. In bazara ta kama, cire ci da kwana da mota ka ga abin da ya rage. Idan bai isa sayen takin gonarka ba, dawo ka yi shuka.