Injiniyan Ɗakin Zuciya

Kafin likita ya sa safar hannu, kafin a turo majinyaci a kan gado, akwai wanda ya riga kowa shiga ɗakin da ake zura siririyar roba cikin jijiya har ta kai zuciya. Shi ne injiniyan kayan asibiti. Dangin majinyaci in za su yi godiya likita suke nema, ba su ma san da shi ba.

Sanyin ɗakin yake fara dubawa, domin bututun da ke fitar da hasken eksire yana ɗaukar zafi ƙwarai, kwamfutocin da ke bayan bango kuma ba sa jure zafin bazara. Sai ya leƙa batiran da ke riƙe na'ura idan aka ɗauke wuta kafin janareta ya tashi. Daƙiƙa kaɗan na duhu alhali waya tana cikin jijiyar zuciyar mutum na iya zama sanadin ajali. Da hunturu ƙura kan toshe matatun iska, sai ya ciro su ɗaya bayan ɗaya ya tsabtace. Daga nan ya kunna na'urar, ya juya hannunta mai lanƙwasa kamar lauje, hagu da dama, yana kasa kunne ko zai ji wata ƙara da bai saba ji ba. Ya ɗora farantin gwaji a kan gado ya ɗauki hoto, ya tabbata ya fita tsaf kuma hasken bai wuce ƙa'ida ba. Sai an gama wannan yake cewa a shigo da mara lafiya.

Yawancin masu wannan sana'a lantarki suka karanta, sannan suka goge a hannun na gaba da su, ko a horon kamfanonin da ke ƙera na'urorin, irin su Siemens da Philips da GE. Karatun ba ya ƙarewa, don aikin ɗakin kullum gaba yake yi. A 1929 da Werner Forssmann, wani matashin likita a Jamus, ya zura roba ta jijiyar hannunsa har zuciyarsa, hoton eksire kawai ya ɗauka ya zama shaida. A 1977 Andreas Grüntzig ya buɗe toshewar jijiyar zuciya da ɗan balan-balan a Zurich. Yau ana sa 'yar ragar ƙarfe ta riƙe jijiyar a buɗe, sau da yawa ta wuyan hannu ake shiga, mutum ya tashi zaune jim kaɗan bayan an gama. Duk wannan ya dogara ne kan hoton da likita ke gani a allo, hoton kuwa amanar injiniya ce.

Shi ya sa ba wanda ya kai shi murna in asibiti ya sabunta na'ura. Sababbin suna ba da hoto mai kyau da haske kaɗan. Likita na ganin siraran jijiyoyi da wuri, aiki ya ragu, ruwan rinin da ake ɗurawa a jijiya don ta fito a hoto shi ma ya ragu, wannan kuwa sauƙi ne ga ƙodar mai ciwon suga da tsoho. Ma'aikata ma suna da nasu rabon. Majinyaci sau ɗaya ko biyu yake shan hasken, su kuwa kullum ne, suna tsaye sanye da rigar darma mai nauyi da ke jawo musu ciwon baya, hasken kuma kan haddasa yanar ido bayan shekaru. Injiniya ne ke nanata cewa a rataye rigar, kada a ninke ta, domin darmar kan tsage daga ciki ba a gani, sai an haska ta da eksire.

Abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake sayen kayan. Ana yanka zare, ana ɗaukar hotuna, amma ba a tanadi kuɗin gyara ba, ba a tura kowa horo ba. Ranar da bututun ya ƙone, sai a rufe ɗakin ana jiran kaya daga ƙasar waje. Mai hali ya nufi Masar ko Indiya, talaka ya koma gida da ƙunshin magani. A ganina wannan sakaci ya fi rashin na'urar ciwo, domin kuɗin jama'a an riga an kashe su.

Ga shugabannin asibitoci da masu sa hannu a kwangila: ku kira injiniyanku ya zauna a teburin ciniki tun ranar farko, ku kuma sa kuɗin gyara da na horonsa cikin takardar kafin ku biya ko sisi.