Kun Tambaya, Mun Amsa: Kafin Ka Saya Wa Ɗanka Na'urar Gem

Takardarmu ta wannan mako ta fito ne daga garin Kademi, cikin ƙaramar hukumar Gaya, daga wani dattijo manomi mai taɓa fataucin hatsi. Ya ce bana Allah ya ba shi albarkar riɗi da gyaɗa, ya sayar, yana so ya ja wa babban ɗansa jari. Shi kuwa yaron ya nace sai gidan gem, irin wanda samari ke biya su buga ƙwallo a talabijin. Tambayoyinsa uku ne. Wace na'ura zai saya, kuma a ina? Wani ɗan'uwansu a Legas ya ce zai samo masa 'yar Japan da araha, ya aika da kuɗi ko kuwa? Sannan yaron ya ce akwai tsofaffin faya-fayan wasa da Turawa ke saye da miliyoyi, shin gaskiya ne?

To, Malam, mun gode da wannan takarda. Bari mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Da farko ka san abin da za ka saya. Na'urar da samari ke kira PS, cikakken sunanta PlayStation, kamfanin Sony na ƙasar Japan ne ke ƙera ta. Ta farko ta fito a watan Disamba na 1994. PS2 ta biyo baya a 2000, PS3 a 2006, PS4 a 2013, sai PS5 a 2020. PS2 ɗin nan an sayar da fiye da miliyan 150 a duniya, shi ya sa har gobe ba a rasa ta a kasuwa, ba a kuma rasa kayan gyaranta, ko da yake an daina ƙera ta tun 2013. Ma'ana, duk wanda ya ce maka ga PS2 sabuwa fil daga kamfani, tsohuwa ce aka wanke aka sauya mata riga. Akwai kuma Xbox ta kamfanin Microsoft na Amurka, da Switch ta kamfanin Nintendo, amma a gidajen gem na ƙasarmu PS ce ke ci, don ita yara suka saba da ita, ita kuma masu gyara suka iya.

Sai ka kula da jabu. Waɗanda suka yi wayo a shekarun 1990 za su tuna da wata na'ura mai kaset rawaya da bindigar harbin agwagwa, a rubuta wasa 9999 a jikin kaset ɗin, alhali 'yan ƙalilan ne ake ta maimaitawa. Kwaikwayo ce ta Famicom, wadda Nintendo ya fitar a 1983. Har yanzu ana zuba irin wannan hanjin cikin riga mai kama da ta PlayStation, a sa mata suna mai kama da nata. In ka ɗaga ka ji ta sakayau kamar fankon ashana, kuɗinta kuma bai kai na hannun PS guda ba, to ajiye musu abinsu.

Batun wurin saye, daga Kademi ka biyo ta Gaya da Wudil ka shiga Kano. Akwai masu wannan kaya a kasuwar Sabon Gari, da titin Beirut, da kasuwar waya ta Farm Centre. Yawancin kayan nasu na hannu ne, wato waɗanda ake ce wa tokumbo, ana ɗauko su daga kasuwar Alaba ta Legas, inda kwantenoni ke sauke su daga Turai da Amurka da Asiya. Tun da da dala ake sayo su, farashinsu na bin dala. A farkon 2023 dala ɗaya tana wajen Naira 460 a farashin gwamnati, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Saboda haka kada ka dogara da farashin da wani ya gaya maka bara. Ka taya a shago uku ko huɗu kafin ka zaro kuɗi.

Yanzu ga maganar 'yar Japan. A nan ne mutane suka fi ƙonewa, su da na'urar baki ɗaya. Wutar lantarkinmu ƙarfinta bolt 230 ne. Ta Japan 100, ta Amurka 120. Tsofaffin na'urori irin su PS ta farko da babbar PS2 mai kauri, kowacce an yi ta ne daidai da wutar ƙasar da aka nufa da ita. Ka jona 'yar Japan kai tsaye a soket ɗinmu, ƙauri kawai za ka ji, kuɗin riɗi ya tafi. Dole sai an haɗa ta da taransifoma mai rage ƙarfin wuta. Yadda za ka gane kuwa ba wuya. Juya bayan na'urar ko jikin cajarta, akwai 'yar takarda a manne. In an rubuta 100V kaɗai ko 120V kaɗai, tana bukatar taransifoma. In an rubuta 220 zuwa 240V, ko 100 zuwa 240V, za ta zauna da wutarmu lafiya.

Bayan wuta akwai shiyya. Masu ƙera PS2 sun raba duniya kashi-kashi, suka kulle kowace na'ura ta karanta faifan shiyyarta kaɗai. Faifan Turai, mai alamar PAL, ba ya tashi a na'urar Japan ko ta Amurka masu alamar NTSC. Mu nan Najeriya tsarin PAL muke bi, irin na Ingila, har wata tsohuwar talabijin in ka haɗa ta da na'urar NTSC sai ta nuna maka hoto baƙi da fari. A jikin PS2 akwai lamba da ta fara da SCPH. Dubi adadin ƙarshe: 0 ta Japan ce, 1 ta Amurka, 3 ta Ingila, 4 ta sauran Turai. Daga PS3 zuwa sama an sassauta wannan kulli, kusan kowane faifai na tashi a kowace na'ura. Sai dai harshe na nan. Faifan da aka yi don kasuwar Japan sau da yawa da rubutun Japananci yake, ba mai iya karanta shi a Kademi. Ko sabuwar Switch 2 da ta fito a 2025, akwai wadda ake sayarwa da rahusa a cikin Japan, ita kuwa Japananci kaɗai take ji.

To, shawararmu a nan, kada ka yi cinikin biri a sama. Ɗan'uwan nan na Legas ba mu zarge shi da komai ba, amma in har shi zai saya, ya ɗauki hoton takardar bayan na'urar ya turo, ya kuma sa a kunna ta a gabansa. In ka kwatanta da kuɗin mota da na taransifoma, da wahalar mayar da kaya Legas in sun ƙi, sau da yawa sayen Kano ya fi sauƙi.

Ranar saye, ka tafi da yaron da kuma wani wanda ya san abin. A kunna na'urar a bar ta tana aiki kamar rabin awa, don wata cutar ba ta bayyana sai ta ɗauki zafi. Ka saurari fankarta. In tana kuka kamar injin markaɗe, ƙura ta cika ta ko an sha buɗe ta. A gwada faifai biyu ko uku, saboda idon da ke karanta faifai shi ne ke fara mutuwa. A gwada kowane hannu, a danna kowane maɓalli. In ɗan wasa yana tafiya da kansa ba a taɓa komai ba, hannun ya gaji. Ka nemi rasit mai ɗauke da lambar na'urar, da alkawarin kwanakin gwaji a rubuce. Rasit ɗin nan shi ne shaidarka ran da wani ya zo ya ce kayan sata ne. Wani tarkon kuma, akwai PS5 da ba ta da wurin sa faifai sam, haka ma Xbox Series S. Komai sai an sauko da shi ta intanet, wasa guda kuwa yakan haura gigabait 50. Ga wanda ke ƙauye, wannan araha ce mai tsada.

Su kansu faya-fayan, na ainihi da na kwafi ba su ɓuya. Faifan PS ta farko cikinsa baƙi ne. Na PS2 ruwan azurfa ne ko shuɗi. Wanda aka kwafa a kwamfuta yawanci cikinsa ruwan ɗorawa ne ko shunayya, hoton bayansa kuma dishi-dishi. Za ka ji masu shago suna cewa sun buɗe na'ura sun loda mata wasanni a ciki. Ka sani wannan satar fasaha ce, dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta hana, kuma kamfani na iya toshe na'urar da aka yi wa haka in ta hau intanet. In za ka sayi katin kuɗi na PlayStation, ya dace da ƙasar da aka buɗe asusun da ita. Katin Amurka ba ya shiga asusun Ingila, kuma da wuya mai shago ya karɓe shi bayan an kankare.

Sai tambaya ta uku. Abin da yaronka ya ji yana da tushe. Akwai wani nau'in wasa da Turawa ke taƙaita sunansa da RPG, mu ce wasan labari. Mai wasa yakan shiga rigar wani jarumi, ya bi gari-gari, ya yi magana da mutane, ya tara makamai da abokan tafiya, kamar dai a ce tatsuniya ce kake cikinta. Guda ɗaya kan ci awa arba'in ko fiye. Japanawa ne gwanayensa: Dragon Quest ya fito a 1986, Final Fantasy a 1987, na bakwai ɗinsa kuma a 1997 a kan faifai uku. Mu ma a Afirka an yi, wani kamfani a Kamaru mai suna Kiro'o Games ya fitar da Aurion a 2016. Wasu daga cikin irin waɗannan, kamar Panzer Dragoon Saga na 1998 da Suikoden II, kaɗan aka buga da Turanci, don haka masu tara kayan tarihi ke biyan ɗaruruwan daloli a kansu. A watan Yulin 2021 ma an yi gwanjon wani kaset na Super Mario 64 a Amurka a kan dala miliyan 1.56, ko da yake shi ba wasan labari ba ne.

Amma Malam, ka lura da dalilin tsadar. Wancan kaset tun 1996 ba a taɓa yage ledarsa ba. Masu tarawa suna son na ainihi, da kwalinsa da ɗan littafinsa, ba ƙwarzane ko ɗaya. Wanda ya sha rana da ƙura a kan tebur a Sabon Gari, ko na kwafi, ba shi da wannan daraja. Ga shi kuma kamfanoni na sake fitar da tsofaffin wasannin. Suikoden na ɗaya da na biyu an sabunta su a 2025, mai son bugawa kawai ba ya bukatar tsohon. In ka ci karo da na ainihi da kwalinsa a cikin kayan tokumbo da araha, ka adana, ba laifi. Amma duk wanda ya kira ka a waya ya ce ka turo kuɗin rajista zai haɗa ka da Bature mai saye, ɗan damfara ne. Kuma wasan labari ba na gidan gem ba ne. Mutum ɗaya ke bugawa, ya riƙe na'ura yini guda, ga Turanci mai yawa. Na gida ne, ga yaro mai son ƙara Turancinsa.

Abin da ke kawo kuɗi a shago shi ne ƙwallo. Guda biyu ne suka yi suna: PES na kamfanin Konami, wanda ya koma eFootball a 2021, da FIFA na kamfanin EA, wanda ya koma FC a 2023. Ga lissafin da za ka yi kafin ka fitar da ko kwabo. Wasa guda yakan ɗauki minti goma zuwa sha biyar, wato huɗu zuwa shida a awa. In an buɗe awa biyar da yamma, na'ura guda za ta ba ka wasa 20 zuwa 30, in ba ta huta ba ke nan. Ka ninka da abin da yaran Kademi za su iya biya, ka cire kuɗin mai, wanda ya yi tashin gwauron zabo tun da aka janye tallafi a watan Mayun 2023, ka cire haya da canjin hannu. Ka kuma tuna da damina samari na gona, kasuwar sai da kaka da lokacin Salla. Cin wuta ma ya bambanta. PS2 ba ta wuce wat 50, PS4 ta haura 100, PS5 kuwa wajen 200, ban da talabijin. Mai niyyar sa sola, ƙananan sun fi masa. Ko da janareta ko wutar gwamnati, kada a jona ba tare da sitabilaiza ba. Mu dai a ganinmu, a fara da guda biyu, a ga kamun ludayin kasuwa, sauran kuɗin a bar su a hatsi.

Na ƙarshe, kuma shi ya fi duka, tarbiyya. 'Ya'yan maƙwabtanka ne za su cika shagon. A jikin kwalin yawancin faya-fayan Turai akwai lamba, 3, 7, 12, 16 ko 18, ita ce shekarun wanda ya dace ya buga. A na Amurka, harafin M na manya ne. Wasan nan GTA da yara ke so 18 ne, cike yake da kisa da ashar da batsa, kada ya shiga shagonka. Kada a yarda a sa kuɗi a kan wasa, wannan caca ce, kuma a 2024 Hisba ta rufe shagunan cacar ƙwallo a Kano. A rufe lokacin salla, a kori mai kayan makaranta da safe da lokacin Islamiyya. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a 2019 ta sa jarabar gem cikin jerin cututtuka. Ka sanar da mai unguwa da dagaci tun kafin a buɗe, ka kuma leƙa Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda ke yi wa gidajen kallo rajista, ka ji sharuɗɗansu.

Da fatan Malam ya gamsu. Allah ya sa wa jarin albarka, ya shirya mana zuri'a. A gaishe mana da mutanen Kademi da Gaya da Ajingi baki ɗaya. Masu tambaya a ci gaba da aiko mana, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.