Dandalin da aka hana tambayar "wanne ya fi?"

Duk wanda ya saba zama a rumfar kasuwa ya san tambaya iri biyu ce. Akwai wadda amsarta ɗaya ce, kamar nawa ake canjin naira da sefa yau a Birnin Konni. Akwai kuma wadda in an taso da ita sai la'asar ta yi ba a gama ba, kamar tsakanin geron Maraɗi da na Damagaram wanne ya fi daɗin fura. To, akwai wani babban dandali a intanet da ya shekara da shekaru yana korar iri na biyu, kuma har yau ana gardama ko wannan dokar ce ta raya shi ko ita ce ta kore masa jama'a.

Sunan dandalin Stack Overflow. Wasu Amurkawa biyu, Jeff Atwood da Joel Spolsky, suka buɗe shi a shekara ta 2008 domin masu rubuta manhaja, wato masu haɗa abubuwan da ke aiki a cikin kwamfuta da wayar salula, har da irin waɗanda ƴan kasuwa ke aika kuɗi da su. Wanda aiki ya cije masa sai ya rubuta tambaya, waɗanda suka sani su amsa kyauta, jama'a su jefa ƙuri'a, amsar da ta fi ƙuri'a ta hau sama. Wanda amsoshinsa suka yi amfani yana tara maki, in ya kai 3,000 sai a ba shi ikon jefa ƙuri'ar rufe tambayar wani. Da can sai mutum biyar sun haɗu ake rufewa, a ƙarshen 2019 aka mayar da su uku. Tambayar da aka rufe, ba mai iya ƙara mata amsa.

Me ya kawo wannan tsanani? Burin masu dandalin shi ne ya zama rumbun amsoshi, wanda mutum zai zo bayan shekara goma ya tarar da abin da yake nema. Wani ya taɓa tambayar yadda ake fita daga wata manhajar rubutu mai suna Vim, tambayar da amsarta ba ta wuce layi biyu ba, amma a 2017 an ƙirga an buɗe ta fiye da sau miliyan ɗaya. Irin wannan suke so. Amma in aka ce wane yaren kwamfuta ne ya fi, kowa sai ya yabi wanda ya iya, ƙuri'a ta koma ta yawan magoya baya, masu kayan sayarwa su shigo da talla, kuma bayan shekara biyu amsar ta tsufa. A 2011 Atwood ya kwatanta irin waɗannan tambayoyi da mutum ya ce in goggon biri da kifin shak suka yi faɗa wa zai yi nasara. Sai an faɗi a ruwa ne ko a tudu kafin maganar ta yi ma'ana.

Ba wai ba su nemi mafita ba. A 2010 an buɗe wani dandali daban mai suna Programmers don a kwashe tambayoyin ra'ayi a kai can, sai can ma hira ta yi yawa, aka tsaurara doka, har a 2016 aka sauya masa suna zuwa Software Engineering. A wannan shekara ta 2010 ne kuma aka fitar da ƙa'idar cewa ra'ayi ba laifi ba ne in mai shi ya kawo hujja ko ya faɗi abin da ya gani da idonsa a wurin aiki. A 2013 aka gyara kalmomin da ake liƙa wa tambayar da aka rufe, daga "ba ta da amfani" zuwa "ta dogara ne a kan ra'ayi", don kada mai tambaya ya ji an zage shi.

Sai dai gyaran kalma bai hana ɓacin rai ba. Ɗalibin da ya fara koyo, tambayarsa ta farko ita ce da wanne zan fara, kuma ita ce ake rufewa cikin ƴan mintoci, sau da yawa ba tare da wani ya ce masa ga inda zai je ba. Mu ma'aikatan rediyon karkara mun san wannan aiki, domin in an buɗe layi dole wani lokaci a katse mai kira, amma akwai bambanci tsakanin a ce "Malam, a riƙe wannan sai shirin gobe" da a kashe masa waya yana cikin magana. A ganina dokar tana da hujja, yadda ake zartar da ita ne ya yi kaushi. Kamfanin da kansa ya amsa a 2018 cewa sababbin shiga, da mata, da waɗanda ba farar fata ba, ba sa jin ana maraba da su.

A 2021 kamfanin Prosus ya sayi dandalin a kan dalar Amurka miliyar ɗaya da miliyan 800. A watan Nuwamba na 2022 sai ga ChatGPT, wadda ke amsa tambaya nan take, ba ta rufewa, ba ta harara. Masu sa ido sun hana liƙa amsoshinta tun a watan Disamba, saboda tana kawo kuskure cikin kyakkyawan lafazi, amma hakan bai hana masu tambaya komawa wurinta ba, kuma yawan sababbin tambayoyi a dandalin ya faɗi ƙwarai.

Abin da na'urar ta fi iyawa shi ne tambaya mai amsa ɗaya, wato ainihin hajar Stack Overflow. Abin da ya rage a hannun ɗan Adam shi ne shawarar wanda ya yi shekaru yana aiki, ya gwada wannan ya gwada wancan, kuma ita ce aka daɗe ana kora. A 2023 kamfanin ya buɗe wani sashe na tattaunawa mai suna Discussions, a 2025 kuma ya fara gwajin barin tambayoyin neman shawara da ra'ayi a cikin babban dandalin. Da yawa daga cikin tsofaffin masu amsa ba su yi na'am ba, suna cewa rumbun da suka cika da guminsu kyauta za a mayar da shi majalisar hira.