Farar Wuta a Jikin Majiyyaci: Gaskiya da Jita-jita

Daga cikin sinadaran amino da ke haɗuwa su zama furotin, biyu ne ke ɗauke da farar wuta: metiyonin da sistin. Jiki ba ya iya ƙera metiyonin, sai daga abinci irin ƙwai, kifi, nama da riɗi. Hanta ce ke juya shi ya koma sistin, daga sistin kuma ake samun gulutatiyon, wanda ke kare ƙwayoyin halitta daga lalacewa. Baligi mai lafiya na buƙatar kimanin miligiram 15 na sinadaran biyu kan kowane kilo na nauyinsa a rana.

Ana cewa buƙatar tana ƙaruwa idan cuta ta yi tsanani. Wannan gaskiya ne. A cutar sefsis, inda martanin garkuwar jiki ga ƙwayar cuta ke wuce gona da iri har ya taɓa ƙoda, huhu da zuciya, hanta na cinye sistin da yawa wajen haɗa gulutatiyon da furotin ɗin kariya. Jiki kan rushe tsoka don cike giɓin, shi ya sa majiyyaci ke ramewa da sauri.

Ana kuma cewa ƙwayar sistin ko allurar gulutatiyon tana warkar da sefsis. Babu hujjar haka. Maganin asetilsistin, wanda wani nau'in sistin ne, yana ceton hantar wanda ya sha farasitamol fiye da kima, amma bitar da cibiyar Cochrane ta yi a 2012 ba ta ga ya rage mace-macen masu sefsis ba. Ko a cutar kwashiyoko, inda gulutatiyon ke raguwa sosai, gwajin da aka yi a Malawi aka wallafa a 2005 ya nuna garin da ke ɗauke da asetilsistin bai hana yara kumburi ba.

Shan garin farar wuta ma ba ya ƙara komai, domin jikin ɗan'adam ba ya iya mayar da ita sinadarin amino. Haka nan wanda maganin Septrin mai ɗauke da farar wuta ke sa wa borin jini bai da dalilin ƙaurace wa ƙwai, don ba farar wutar ce ke jawo borin ba.

Sefsis ta kashe kimanin mutum miliyan 11 a duniya a 2017. Maganinta shi ne garzayawa asibiti, a fara maganin kashe ƙwayoyin cuta da ƙarin ruwa, a kawar da tushen cutar, sannan abinci mai gina jiki ya taimaka wajen farfaɗowa.