Motar Ƙanƙara a Kan Titin Ankara

Kwanakin baya mun halarci wani taron suna a Nima, nan birnin Ankara. Bayan liman ya shafa fatiha an raba goro, sai manya suka koma ƙarƙashin rumfa ana jiran waina da koko. A bakin titi kuwa ga motoci uku a jere, kowacce sai ɗaukar ido take yi: Mercedes-Benz ƙirar E, da BMW mai lamba 5, da Lexus ES 350. Tun yara na zagaya su suna leƙa gilas, har masu motocin da kansu suka kaure da musu a kan wacce ta fi. Mun tsaya mun saurari musun nan har ƙarshensa, domin abin da aka tattauna ya shafi gidaje da yawa a zangunanmu, daga Nima da Sabon Zango har Kumasi da Tamale. Da wuya a sami gidan da ba shi da ɗa ko ƙane a Turai ko Amurka, kuma da yawa daga cikin motocin alfarma da ke sauka a tashar jiragen ruwa ta Tema sun riga sun yi shekaru suna aiki a ƙasashen sanyi kafin su iso gare mu.

Mai Benz ɗin wani Alhaji ne da ya yi fiye da shekara 20 a birnin Hamburg na ƙasar Jamus, wato irin waɗanda ake kira "boga" a ƙasar nan, sunan da aka samo daga sunan wannan birni. Shi ya buɗe fage. Ya ce tasa 4MATIC ce, inji na tura tayoyinta huɗu gaba ɗaya, don haka ko ranar da dusar ƙanƙara ta rufe titi bai taɓa makara wurin aiki ba. Ya lissafa mana kujeru masu ɗumama jiki, da sitiyari mai ɗumama hannu, da madubin gefe mai narkar da ƙanƙara.

Mai BMW saurayi ne da ya zo hutu daga Toronto ta ƙasar Kanada. Ya ce, "Baba Alhaji, a yi mini afuwa, amma sanyin Hamburg wasan yara ne a kan namu. Tawa tayoyin baya kaɗai ke tura ta, kuma shekara biyar ina tuƙa ta cikin ƙanƙara ban taɓa faɗawa rami ba. Sirrin yana ga taya." Shi kuwa mai Lexus, ɗan kasuwa ne da bai taɓa ganin ƙanƙara ba sai ta cikin firji, dariya kawai ya yi ya ce shi dai abin da ya sani, tun da ya sayi tasa bai taɓa kwana a garejin makaniki ba.

Kowanne da gaskiyarsa

To, in za a yi adalci, kowanne daga cikinsu yana da ƙanshin gaskiya. A da can manyan motocin Jamus irin su Benz da BMW injinsu na gaba, amma tayoyin baya ke tura su. A kan busasshen titi wannan tsari ne mai daɗin tuƙi, sai dai a kan ƙanƙara bayan motar ba shi da isasshen nauyi, tayoyin kan yi ta juyawa a wuri ɗaya, ko gindin motar ya zame a kwana. Shi ya sa wasu direbobi ke zuba buhunan yashi a but don ƙara mata nauyi. Motar da tayoyin gaba ke ja, irin Lexus ES 350, ta fi saurin tashi a kan santsi, saboda nauyin inji na danne tayoyin da ke aikin.

Kamfanin Audi ne ya fito da motarsa quattro mai tura taya huɗu a 1980, ta yi suna a gasar tseren motoci, sauran kamfanoni suka bi sahu. Mercedes-Benz ya fara sayar da 4MATIC a 1987, BMW kuma ya kawo tsarinsa na xDrive a 2003. Haka nan birkin ABS, wanda ke hana taya ƙamewa idan aka taka birki da ƙarfi, ya shiga Benz ƙirar S a 1978, sannan a 1995 aka ƙara na'urar ESP mai gyara mota idan ta fara zamewa a kwana.

Duk da haka, saurayin nan na Toronto ya fi kusa da gaskiya. Tura taya huɗu na taimakon mota wajen tashi da hawan tudu, amma wajen tsayawa ba ya ƙara mata komai, domin kowace mota da tayoyinta huɗu take birki. Abin da ke riƙe titi shi ne robar taya. Idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7, robar tayar bazara kan taurare ta rasa kamu, ita kuwa tayar sanyi an haɗa ta da roba mai laushi da ƙananan tsagu masu yawa. Saboda haka tun daga 2010 dokar Jamus ta wajabta tayar sanyi a duk ranar da titi ke da ƙanƙara ko santsi, kuma Jamusawa na da al'adar sa ta daga watan Oktoba har zuwa Ista. A lardin Kebek na Kanada kuwa doka ce tun 2008, kuma a yanzu ana sa ta daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris.

Abincin wani, gubar wani

Ana cikin haka sai wani dattijo da ke gefe, wanda ya yi shekaru yana aikin makaniki a Suame Magazine ta Kumasi kafin ya dawo Ankara, ya miƙe ya nufi BMW ɗin. Ya durƙusa ya duba tayar, sannan ya kira saurayin ya nuna masa wata 'yar alama a gefenta, hoton dutse mai kai uku da ƙwayar ƙanƙara a tsakiya. Ya ce, "Ɗana, da tayar sanyi ka sa ta a jirgi, da ita kuma kake shirin zuwa Tamale gobe? Wannan robar da ta cece ka a can, ita za ta ci amanarka a nan."

Maganar dattijon nan ita ce ta sa muka ɗauki alƙalami. Robar da aka yi don sanyi, idan ta hau kwaltar da rana ta gasa, ƙara laushi take yi, ta cinye da wuri, kuma motar na ƙara nisa kafin ta tsaya idan an taka birki. Duk wanda ya san hanyar Ankara zuwa Kumasi, da manyan motocin da ke kanta, ya san taku biyu ko uku na iya zama tsakanin rai da ajali. A arewa kuwa, inda zafi ke kai digiri 40 a watan Maris, abin ya fi muni. Ba motocin da aka aiko kaɗai abin ya shafa ba, domin tsofaffin tayoyin da ake jibgewa a bakin titi ana sayarwa da araha, akwai na sanyi da yawa a cikinsu. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta. Idan ka ga 3519, ma'anarsa mako na 35 a shekarar 2019. Duba wannan lamba da waccan alama ba ya cin minti ɗaya.

Abu na biyu shi ne gishiri. A Kanada da arewacin Amurka da Jamus, hukuma na watsa gishiri a kan titi don ya narkar da ƙanƙara. Ruwan gishirin nan na fantsama ƙarƙashin mota shekara da shekaru, yana cin ƙarfe a ɓoye, alhali bodi na sama na ƙyalli kamar sabo. Mun ga haka da idonmu. Wani maƙwabcinmu, ƙanensa ya yi shekara huɗu yana aikin dare a Kanada, ya tara kuɗi ya aiko masa da mota don ya riƙa ɗaukar amare ana biyansa. Ba ta yi wata uku ba, suna gangarowa daga Aburi, bututun man birki da tsatsa ta cinye ya fashe. Allah Ya kiyaye, ya samu ya rage giya ya goga ta a jikin tudu, ba wanda ya rasa ransa, amma gumin shekara huɗu ya tafi a yini ɗaya. Da an ɗaga motar an duba ƙarƙashinta ranar da ta fito daga Tema, da kuɗin gyaran bai kai na ragon suna ba.

Abu na uku laifinmu ne, ba na ƙasar sanyi ba. Da zarar mota ta iso, sai a ce ai nan ba a ƙanƙara, a zubar da ruwan lagireto mai launi a ɗura ruwan famfo, a kuma cire bawul ɗin da ke daidaita zafin inji a jefar. Wannan kuskure ne babba. Ruwan nan mai launi, ban da hana daskarewa, yana jure zafi fiye da ruwan famfo, yana kuma hana tsatsa cin cikin inji. Bawul ɗin kuwa shi ke sa inji ya kai zafin da aka tsara masa, kuma injin da ke aiki a sanyaye ya fi shan mai, ya fi saurin lalacewa. Haka batun baƙin mai: wanda littafin motar ya ambata shi za a zuba, kada a bi mai cewa wai mai kauri ya fi dacewa da zafi.

Kayan alatu da kayan wahala

Da aka dawo kan kayan alatu, Alhaji da kansa ya amsa cewa tun da ya dawo gida bai taɓa kunna kujera mai ɗumi ba, sai ranar da jikansa ya danna maɓallin bisa kuskure, ya yi ta zufa yana zargin kwandishan. Hunturunmu ƙura ce da hazo da bushewar leɓe, don haka abin da mota ke bukata a lokacin shi ne a riƙa sauya matatar iska a kan kari. Akwai dai kayan sanyi masu amfani a nan: wayoyin da ke ɗumama gilas na baya suna kore raɓa da damina, fitilun hazo na taimakawa, ABS da ESP kuma aikinsu ɗaya ne ko a kan ƙanƙara ko a kan jiƙaƙƙen titi.

Waɗanda ke zama kayan wahala su ne waɗanda aka yi don titi mai sumul. Manyan ƙafafun ƙarfe masu siririyar taya ba sa jure rami, faɗawa ɗaya sai ƙarfen ya lanƙwashe. Wasu BMW ba sa zuwa da safaya, domin tayarsu na iya ɗan tafiya bayan ta yi faci, amma samun irinta a hanyar Yendi aiki ne. Benz masu tafiya a kan jakar iska maimakon sifirin suna da taushi ƙwarai, sai dai ranar da jakar ta huje za ka tarar da motar ta durƙusa kamar raƙumi, kuɗin gyara kuma sai an yi shawara da iyali. Ita ma 4MATIC tana son tayoyinta huɗu su zama iri ɗaya, cinyewarsu kusan ɗaya, in ba haka ba kayan da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya su sha wuya. A nan ne mai Lexus ya sami bakin magana, domin tasa na tarayya da Toyota Camry a kayan gyara da yawa, ya ce ko da tsakar rana ya shiga Abossey Okai zai fito da abin da yake nema.

Ba mu ce kada a sayi Benz ko BMW ba. Motoci ne nagartattu, kuma wanda Allah Ya hore wa yana da damar more guminsa. Shawararmu ga 'yan'uwa da ke can ita ce, kafin a biya kuɗi a nemi tarihin motar ta lambarta mai harafi da alƙaluma 17, don a san ko ta taɓa haɗari ko ambaliya ta taɓa shanye ta, a kuma sauya mata taya kafin ta shiga jirgi. Mu kuma na gida, kafin a kai ta gaban malam a yi mata addu'a, ko bayan an kai, a biya da ita wurin makanikin kirki ya ɗaga ta, ya duba bututun birki da tankin mai da salansa da duk inda tsatsa ke ɓuya. A kuma tambayi kai tsakani da Allah: wane titi za ta bi kullum, wa zai gyara ta, kuma aljihu zai iya ɗaukar ta bayan mai aikowa ya koma bakin aikinsa?

Saurayin nan dai ya ɗage tafiyarsa ta Tamale da kwana ɗaya, ya bi dattijon suka je aka sauya tayoyin huɗu. Alhaji kuwa har aka watse bai yarda an fi Benz ba, amma mun ji yana tambayar dattijon ko yana da lokaci ranar Asabar. Allah Ya raya abin da aka haifa, Ya kuma kiyaye mu a kan hanya, amin.